Nazarin Lamari: Yoyon Gidan Haya a Kano da Yadda Aka Nemi Farashin Gyaransa

Asalin gidan

Gidan yana wata unguwa a arewacin birnin Kano, ɓangaren hanyar Katsina. Ginin bulo ne na ƙarshen shekarun 1990, ciki da falo huɗu a jere, sai shaguna biyu a bakin titi masu rufinsu daban. Maigidan ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, magada kuma suka amince kada a sayar, a ci gaba da karɓar haya. A 2023 kowane ciki da falo yana kawo naira 180,000 a shekara, kowane shago naira 150,000, jimla naira 1,020,000. Da wannan kuɗin Hajiya, matar marigayin, take cefane, da shi ake biyan makarantar ƙananan yara biyu.

Babban ɗan, malamin sakandare, shi ne wakilin magada. Amma harkar yau da kullum tana hannun wani dillali na unguwar tun zamanin marigayi: shi ke kawo 'yan haya, shi ke karɓo kuɗi, shi ke kiran mai gyara idan famfo ya lalace.

Rufin irin wanda ya yi yawa ne a Kano. An ɗaga farafet, wato ƙarin bango da ya zarce tsayin rufi, an ɓoye kwanon a bayansa, yadda daga titi ba ka ganin komai sai katanga. Kwanon ya rabu biyu, rabi ya gangara gaba, rabi baya. Ruwan rabin baya yana sauka cikin gotar siminti mai tsawon mita 18 da ke manne da farafet, ya fita ta bututu biyu masu faɗin inci biyu.

Agusta zuwa Disamba 2023: faci

A tsakiyar Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi a Kano, ɗakunan kwana guda biyu na tsakiya suka fara yoyo ta kusurwar bangon baya. A ɗaya daga ciki silin ya jiƙe ya kumbura, wani dare ya rufto a kan katifa. Allah ya kiyaye, ba kowa a kai.

Dillali ya kawo wani yaro mai facin kwano. Ya hau ya sauko ya ce ƙusoshi ne suka saki. Ya buga sababbi, ya shafe kawunansu da kwalta, ya liƙe wasu 'yan ramuka, aka biya shi naira 45,000 har da kayan aiki. Ruwa biyu aka yi lafiya. A na uku, farkon Satumba, yoyon ya dawo a daidai inda yake.

Da ruwa ya ɗauke a Oktoba, maganar ta kwanta. Mai ɗakin da silin ya faɗo bai sabunta haya ba, ya tashi a farkon Nuwamba. Duk wanda dillali ya kawo ya ga tabon ruwa a bango sai ya ce zai dawo. Na ɗaya ɗakin kuma ya ce ba zai biya ta sabuwar shekara ba sai ya ga an fara aiki.

Janairu 2024: zagayen farko na neman farashi

Magada suka zauna suka ce a kira mutum uku, kowa ya faɗi nasa, a ɗauki wanda ya fi sauƙi. Ba a rubuta komai ba. Abin da aka gaya wa kowannensu shi ne gida yana yoyo, nawa zai gyara.

Na farko kafinta ne, dillali ya kawo shi. Ya ce kwanon baya ya mutu, a sauya bandir uku, naira 380,000 da kaya da aiki. Na biyu birkila ne, maƙwabcin Hajiya. Bai ma kula kwanon ba, farafet ya duba ya ce ya tsage, a fasa filastarsa a sake, a shafe gota da sabon siminti, naira 950,000. Na uku ɗan kwangila ne da wani surukin gidan ya turo. Ya zagaya ya ce a yaye rufin gaba ɗaya, a sa sabon katako da dogon kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.45, a sa silin roba, a yi fenti. Naira miliyan 2.6.

Farashin ukun duk da baki aka faɗe su, ɗaya ma ta waya. Ranakun zuwansu daban-daban, kuma dillali ne kawai yake wurin lokacin da biyun farko suka hau.

A zaman magada na gaba aka rabu biyu. Ƙanwar wakilin, wadda ke aure a Zariya, ta ce tazarar ta yi yawa, tsakanin dubu ɗari uku da tamanin da miliyan biyu da dubu ɗari shida dole akwai abin da ba a gane ba, a dakata a bincika. Sauran suka ce kuɗin da ke hannu bai kai rabin miliyan ba, kuma dillali ya tsaya wa kafintan, ya ce ya san aikinsa shekara da shekaru. Aka ba kafinta aikin. A makon ƙarshe na Janairu ya karɓi kafin alƙalami naira 250,000, ba rasit, ba shaida sai dillali.

Fabrairu da Maris 2024: aikin ya tsaya

Lokacin ya zo da matsi. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, kayan gini suke ta hawa. A Fabrairu 2024 abin ya kai maƙura. Dala ta haura naira 1,500, hauhawar farashi a ƙididdigar hukuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari, buhun siminti da ake saya dubu biyar da 'yan kai a ƙarshen 2023 ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Sai da gwamnatin tarayya ta kira kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka sanar da cewa buhu zai tsaya tsakanin naira 7,000 da 8,000. 'Yan kasuwa da yawa a lokacin ba sa yarda farashin safe ya kai yamma.

Kafintan bai sayi kaya a ranar da ya karɓi kuɗi ba. Kusan mako biyu ya yi yana ƙarasa wani aiki a wata unguwa. Da ya shiga kasuwa, bandir biyu ya sayo maimakon uku, kuma mafi sirantaka, irin wanda kake lanƙwasa gefensa da yatsu biyu. Ya yaye kwanon saman ɗakin da babu kowa, ya tarar da bakin katakon da ke kusa da gota ya ruɓe, ƙusa ba ta kamawa. Ya sauko ya ce aikin ya canza, sai an ƙara naira 400,000.

Wakilin ya ce ciniki an riga an yi. Kafinta ya ce cinikin kwano aka yi, ba wanda ya yi masa maganar katako. Kowannensu yana da gaskiya a bakinsa, kuma babu takardar da za a buɗe. Ɗakin ya zauna a buɗe har azumi ya kama a ranar 11 ga Maris. Rani ne, don haka ƙura kawai ta shiga.

Maganar ta kai gaban mai unguwa. A nan aka ji yadda naira 250,000 ta tafi: 96,000 kwano, 25,000 la'adar dillali wadda magada ba su san da ita ba, 89,000 ƙusa da dako da ladan yara da abin da kafintan ya ci, saura 40,000. Aka yi sulhu ya mayar da 40,000 da bandir biyun, aka rabu. Daga baya an sayar da kwanon naira 90,000. Asarar wannan zagaye ta tsaya naira 120,000.

Afrilu 2024: an biya mai duba

Bayan ƙaramar Sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu, ƙanwar ta sake tayar da maganarta, wannan karon aka saurare ta. Ta hanyar wani abokin aikin wakilin aka samu wani dattijo da ya yi ritaya daga sashen gine-gine na gwamnati. Sharaɗinsa ɗaya ne: shi ba zai karɓi aikin ba, ba kuma zai kawo mai yi ba. Duba kawai zai yi ya rubuta. Ladansa naira 30,000.

Ya zo da safe da tsani, da awo, da siririn tiyo mai ruwa a ciki na gwada daidaito. Bai fara da kwano ba. Ya sa aka sayo jarka shida a wurin mai ruwa, aka hau da su aka juye a gota. Ruwan bai nufi bututu ko ɗaya ba. Ya taru a tsakiya, daidai saman ɗakuna biyun da ke yoyo, ya kwanta zurfin kusan santimita huɗu. Dattijon ya zura hannu a bakin bututu ya zaro dunƙulen leda da ruɓaɓɓen ganyen darbejiya. Sannan ya nuna wa wakilin wata tsaga siririya da ta bi layin da ƙasan gota ya haɗu da farafet, ya ce: "Malam, sauka ka shiga ɗakin can ka tsaya a kusurwa." Kafin minti goma bangon ya fara duhu daga sama.

Daga nan ya bi katako da tsinin sukudireba yana soka. Wajen mita ɗaya daga gota katakon yana nutsewa kamar gurasa. Gara kuma ta shiga wanda ya kwanta a kan bangon baya. Kwanon baya ya yi tsatsa a bakinsa na ƙasa saboda ruwan da ke tashi ya taɓa shi idan gota ta cika. Rabin rufin da ya gangara gaba lafiyarsa ƙalau, a ganinsa zai ƙara wasu shekaru.

Ya rubuta shafi biyu da Hausa. A ciki ya ce a yaye rabin baya kawai, kimanin murabba'in mita 80, a sa kwano bandir huɗu mai kaurin milimita 0.20. Katako tubaifo (inci biyu da huɗu) 40 da tubaitiri (inci biyu da uku) 60, busassu, a shafe su da maganin gara kafin a hau da su. A fasa ƙasan gota a sake zubawa, tsakiya ta fi tudu, ta gangara santimita tara zuwa kowane gefe, wato santimita ɗaya a kowace mita. A manna shimfiɗar kwalta da wutar gas, ta hau jikin farafet aƙalla santimita 30. A cire bututun inci biyu a sa na inci huɗu guda huɗu, da raga a bakinsu. Filastar farafet ta ciki, silin ɗaki biyu, fentinsu, da kwashe ɓaraguzai. A gaban kowane layi ya bar gurbi uku: kuɗin kaya, kuɗin aiki, da farashin guda ɗaya idan an buƙaci ƙari. A ƙasa kuma tambayoyi huɗu: kwana nawa aikin zai ci, nawa kake so kafin ka fara, farashin nan zai tsaya kwana nawa, ina ka yi irin wannan aiki da za a je a gani.

Ƙarshen Afrilu: zagaye na biyu

Aka buga takardar kwafi huɗu. Wannan karon ba ta hannun dillali aka bi ba. Wakilin ya tambayi masu gidajen haya biyu da ke masallacinsu, da wani mai sayar da katako, da shugaban makarantarsu wanda bai daɗe da gyara rufin ajujuwa ba. Aka kira mutum huɗu rana ɗaya, bayan la'asar, suka hau tare, dattijon ya maimaita gwajin ruwa a gabansu. Duk tambayar da ɗaya ya yi, sauran sun ji amsarta. Aka ba su kwana biyar, aka ce kowa ya kawo tasa a rufe, kuma ba za a nuna wa wani farashin wani ba.

A cikin kwanakin wakilin ya ɗauki kwafinsa ya shiga kasuwa da kansa. Kwano da ƙusa da bututu a Ƙofar Ruwa, katako a 'Yan Katako ta Na'ibawa, kowane abu ya tambayi shago uku ya rubuta na tsakiya. Kayan gaba ɗaya suka kama naira 1,010,000. A lokacin naira ta ɗan farfaɗo, kaya sun ɗan lafa idan aka gwada da Fabrairu.

Mutum uku suka dawo da takarda. Na huɗun ya ce shi ba ya aikin da ake ƙirga masa ƙusa.

Na farko ya kawo naira 1,180,000: kaya 900,000, aiki 280,000. Kwana goma, kashi 70 cikin ɗari kafin ya fara. Na biyu naira 1,460,000: kaya 1,050,000, aiki 410,000, mako uku, kuma farashin kayansa na kwana bakwai ne kawai. Na uku mai kamfani ne da rajista da takarda mai tambari: naira 1,750,000, kaya 1,290,000, aiki 460,000, mako biyu, rabi kafin a fara, da alkawarin shekara ɗaya a rubuce.

Aka shimfiɗa takardun uku a tabarmar falon Hajiya, dattijon yana bin su layi-layi da biro. A ta farko gurbi uku babu komai: shimfiɗar kwalta, maganin gara, da kwashe ɓaraguzai. Aka kira shi a waya. Ya ce shimfiɗar ba dole ba ce, garin hana ruwa da ake zubawa a siminti ya isa, maganin gara kuma baƙin mai zai shafa. Da aka cike guraben da farashin kasuwa da na aiki, sai da aka ƙara naira 190,000, takardarsa ta koma 1,370,000. Tazararsa da na biyu ta sauko daga 280,000 zuwa 90,000.

Ta ukun ba ta bar komai ba, sai dai kayanta sun ɗara na kasuwa da naira 280,000. Da aka tambaye shi bai ɓoye ba. Ya ce a ciki akwai ribarsa, da mai kula da ma'aikata, da abin da ya ware saboda tashin farashi, tunda shi idan ya sa hannu ba ya dawowa neman ƙari sai in aikin ne ya ƙaru. Ta biyun kayanta sun ɗara kasuwa da 40,000 kacal, ya ce dako ne.

Saura ganin aiki. Na farko ya ba da gida ɗaya, aka je. Rufin ya yi kyau daga ƙasa, amma da aka hau, ƙasan gotar akwai zoben busasshen laka a tsakiya, alamar ruwa yana kwanciya. Na biyu ya ba da gida biyu, ɗaya ya ga damina biyu. A can wakilin bai tsaya wurin mai gidan ba, ya nemi izini ya yi magana da wata 'yar haya da ke ɗakin ƙarshe, ta ce tun da aka yi aikin ba ta sake tara bokiti ba. Na ukun ayyukansa manya ne, ba wanda ya yi shakkar iyawarsa. Kuɗinsa ne babu.

Yarjejeniya

Aka tsayar da na biyu, amma jingar aiki kawai, magada su sayi kaya. Dalilin da wakilin ya bayar shi ne abin da ya faru a Fabrairu: ba ya son ya sake miƙa wa kowa dunƙulen kuɗi. Mai aikin bai ji daɗi ba, ya ce duk ranar da kaya suka yanke yaransa za su zauna kuma shi zai ciyar da su. Aka daidaita a kan zai raka wakilin kasuwa ya zaɓi katako da hannunsa, kuma idan aiki ya tsaya saboda rashin kaya, magada za su biya ladan leburori na ranar.

Ba a nemi ragi a kan naira 410,000 ba. Abin da aka nema shi ne a biya kashi-kashi: 100,000 ranar farawa, 120,000 idan an gama katako dattijon ya gani kafin a rufe, 130,000 idan an buga kwano kuma gota ta ci gwajin ruwa, sai 60,000 da za a riƙe har ƙarshen Satumba. A kan wannan na ƙarshen aka fi jan magana. Mai aikin ya ce bai saba ba, kuma kuɗin Satumba ba zai sayi abin da na Mayu zai saya ba. Dattijon ya ce haka ake yi a ayyukan gwamnati, ana riƙe wani kaso har a ga lafiyar aiki, kuma rufi ba a san gaskiyarsa sai Agusta. Mai aikin ya amince. Aka rubuta, shi da wakilin suka sa hannu, limamin unguwa da ɗan hayar da ya riƙe kuɗinsa suka yi shaida.

Kuɗin an haɗa su ne daga wuri huɗu: abin da ya rage a asusun haya, adashen Hajiya, hayar shekara mai zuwa da masu shaguna biyu suka yarda su biya tun yanzu, da rancen da ƙanwar ta bayar ba tare da wa'adi mai tsanani ba. Ɗan hayar ma ya biya rabin tasa ranar da ya ga an sauke katako.

Mayu 2024: aikin

An fara a makon farko na Mayu. Da aka yaye sauran kwanon, sai ga tubaifo 12 da gara ta cinye ta ciki, waɗanda ba a iya gani ba lokacin duba, da wani ɓangaren bango da ya buƙaci bulo kaɗan. A kan irin wannan ƙarin ne aka yi rigima a Fabrairu. Wannan karon aka buɗe takarda, aka duba farashin guda ɗaya, aka lissafa kaya da aiki naira 78,000, wakilin ya rubuta a bayan yarjejeniyar suka sa hannu, aiki ya ci gaba a ranar.

Sayen kaya da kai ya zo da nasa wahalhalu. Naira ta sake faɗuwa a watan, abubuwan da aka bari sai daga baya, wato silin da fenti da shimfiɗar kwalta, suka ƙaru da naira 40,000. Wakilin bai sa dako a lissafinsa ba, ya ci 35,000. Wata rana ƙusar kwano ta ƙare da hantsi yana aji, kafin ya kawo an yi la'asar. Mai aikin bai nemi ladan ranar ba, ko da yake yarjejeniya ta ba shi. Makullin ɗakin da aka mayar sito kuma ya zama aiki, kullum sai an ƙirga abin da ya fita.

A mako na uku hadari ya haɗu ba zato, aka yi yayyafi mai ɗan ƙarfi alhali saman ɗaki ɗaya a buɗe yake. Tamfol biyu da aka aro suka tare mafi yawansa. Gwajin ruwa na farko bai ci ba: gefen gabas ya riƙe ruwa a wani wuri mai tsawon taku biyu. Dattijon ya ce a gyara kafin a manna shimfiɗa, aka ƙara kwana biyu. A gwaji na biyu jarka shida suka fice ta bututu cikin 'yan mintuna. An gama a kwana 24. Zuwan dattijon sau biyu ya ci naira 20,000.

Yuni zuwa Satumba 2024: sakamako

Sabon ɗan haya ya shiga ɗakin da ke kulle a farkon Yuli, bayan wata takwas babu kowa, asarar naira 120,000. Yuli ya wuce ba yoyo. A Agusta, bayan wani ruwan dare mai yawa, danshi ya bayyana a bangon ɗakin ƙarshe na yamma. Aka kira mai aikin, ya zo washegari. Bakin bututu ɗaya ne shimfiɗar ba ta kama shi sosai ba. Ya sake mannawa, bai karɓi ko sisi ba. Daga nan har ruwa ya ɗauke ba a sake ganin komai ba, aka cika masa 60,000 ɗinsa a ƙarshen Satumba.

Gyaran da ya yi aiki ya ci naira 1,623,000: kaya da dako 1,085,000, ƙarin da aka gano 78,000, jinga 410,000, mai duba 50,000. Abin da ya tafi a banza kafin nan, faci da kafintan farko da hayar ɗakin da ya zauna, naira 285,000.

Abin da lamarin ya nuna

Zagayen Janairu ya rushe ne tun kafin a zaɓi kowa. Mutum uku sun kawo kuɗin aiki uku mabambanta, kowa ya ga matsalar ta fuskar sana'arsa: kafinta ya ga kwano, birkila ya ga siminti, ɗan kwangila ya ga sabon rufi. Birkilan ne ma ya fi kusa da gaskiya, amma da an bi tasa da an shafe gotar ba tare da gangara ba, katakon kuma ya ci gaba da ruɓewa a ƙarƙashi. Ba lallai ne a ce kafintan ya shirya cuta ba. Ya yi kiyasin abin da ya hango daga sama, ya jinkirta sayen kaya a watan da jinkirin mako biyu ke cin bandir guda, kuma kashi goma na kuɗin ya fita zuwa aljihun dillali kafin a sayi ƙusa ɗaya. Wanda zai ci la'ada a kan aiki bai kamata ya zama shi ne mai ba da shawarar wa za a ba ba, ko da amintaccen gida ne na shekara ashirin.

Naira 30,000 da aka ba dattijon ita ce kuɗin da ta fi kowace amfani a lamarin nan, kuma amfaninta ya zo ne daga sharaɗin da ya kafa na cewa ba shi da rabo a aikin. Takardarsa ta sa guraben da mai araha ya bari suka fito fili. Ba don ita ba, da 1,180,000 ta yi nasara, a gano babu shimfiɗar kwalta bayan an biya kashi 70. Gurbin farashin guda ɗaya shi ya kashe rigimar ƙarin aiki, domin a gyaran tsohon gida kusan kullum sai an buɗe ake ganin sauran ɓarnar. Kuɗin da aka riƙe kuma shi ya kawo mai aikin washegari a tsakiyar Agusta, lokacin da kowane mai gyaran rufi a Kano wayarsa ba ta hutawa.

Sayen kaya da kai bai rage ko kwabo ba. Da an ba mai aikin duka a kan 1,460,000 cikin kwana bakwan da ya bayar, aka ƙara 78,000 da 50,000, da an tashi a 1,588,000, wato ƙasa da abin da aka kashe da naira 35,000, kuma da wakilin bai yi ta barin aji ba. Abin da magada suka samu a madadin haka shi ne sun ga kaurin kwanon da idonsu, kuma babu lokacin da kuɗinsu mai yawa ya kwana a hannun wani. Ga mutanen da suka fito daga asarar Fabrairu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ga mai aikin da aka riga aka ga gidajen da ya yi, hanya mafi sauƙi ita ce a bar masa sayen, a je kasuwa tare rana ɗaya a biya mai shago kai tsaye, a kwaso komai lokaci guda. Shi ma mai kamfanin bai yi tsadar da ta fara bayyana ba. Ƙarin da ya ɗora kuɗin ɗaukar kasadar tashin farashi ne da kula da ma'aikata, kuma mai gidan da ke zaune a wani gari, wanda ba shi da mai tsaya masa, zai iya ganin hakan ya cancanci a biya.

Jinkirin Oktoba zuwa Janairu shi ma ya ci kuɗi. Da an kira mai duba da zarar ruwa ya ɗauke, da an sayi siminti kafin tashin Fabrairu, kuma da wuya ɗakin ya yi wata takwas a kulle.

Har yanzu dillalin ne ke kawo 'yan haya, amma an cire hannunsa daga gyara. Magada sun amince a riƙa ware kashi goma na haya a asusu daban, ko da yake ba za a fara ba sai an biya rancen ƙanwar, kuma hayar shaguna ta shekara mai zuwa an riga an cinye ta. An ɗora wa ɗan hayar ɗakin ƙarshe share gota sau biyu a shekara, a Mayu da Agusta, ana rage masa naira 10,000. Aiki na gaba shi ne sokawe, ramin da ruwan bayi ke taruwa, wadda murfinta ya fara tsagewa. Dattijon ya riga ya auna ta ya rubuta takardarta, ana jiran kuɗi su taru kafin a kira masu kawo farashi, tunda ba wanda zai tsayar da nasa fiye da mako guda.